Ɗan Dakon da Ba Ya Riƙewa da Hagu

Duk wanda ya sake ce min, "Anti Bilki, ashe ku kallo kawai kuke yi a biya ku," wannan rubutun zan miƙa masa ya karanta, don bakina ya gaji. Da ku nake, sababbin da Oga Nasiru ya ɗauko bana, musamman masu shigowa da gyaɗa a aljihu kamar sun zo gidan kallo. Ni sakandare na gama, ban yi jami'a ba, kuma ban iya zagaye-zagaye ba. Abin da na sani zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Ga aikin a taƙaice, tunda har iyayenku tambayata suke. A Amurka akwai wata ƙwallo mai siffar gwanda, wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna bin mutum su kayar. Yaran jami'a suna buga ta, kuma duk shekara kulob-kulob na ƙwararru suna zaɓen waɗanda suka fi a cikinsu. Kafin zaɓen, sai wani ya zauna ya kalli wasannin yaro ɗaya bayan ɗaya ya ce wannan zai iya, wancan ba zai iya ba. Manyan kulob suna da nasu masu kallon. Ƙananan wakilan 'yan wasa da ba su da wannan ƙarfin, su ne ke aiko mana da faifai har Abuja.

Ni ɓangarena ɗan dako. Sunan da muka sa wa wanda ke tsayawa a baya ke nan, a danna masa ƙwallo a ciki, ya sunkuya ya kutsa da ita. Wanda ke miƙa masa, madugu muke ce masa. Ƙartin da ke gaba suna buɗe masa hanya kuwa, katanga. In kun riƙe sunayen nan uku, kun wuce ajin farko.

Ranar da Oga Nasiru ya ɗauke ni, takardu nake bugawa a wani shagon kwamfuta a Wuse. Lokacin garin nan sai kumbura yake: ko'ina ka juya gini, ko'ina kwangila, kowa da waya biyu a hannu. Shi kuma ya dawo daga karatu a Amurka, ya ɗan zauna a wata ma'aikata, ya ce kujerar barci take sa shi, ya ajiye aikin. Ya kawo in buga masa wani abu, ya tsaya a kaina yana kallon yatsuna.

"Kina kallon ƙwallo?" in ji shi.

"Ba na kallo."

"Ko ta Turai?"

"Malam, bugu ka kawo ko hira?"

"Gobe ki zo ofishina."

Daga baya na ji ashe samari ya sallama kafin ni, duk zaratan gidan kallo. Laifinsu ɗaya: inda ƙwallo ta yi, nan idonsu yake bi, in an ci su miƙe su yi ihu. Shi kuwa mai son ƙwallo ba ya masa amfani, mai gani yake nema.

Aikin farko da ya ba ni, ya yanko kwalin taliya ya manne rabin talabijin na sama da salatif. Ƙafafu kawai suka rage. Na yi makonni ina kallon ƙafafun mutanen da ban san fuskarsu ba. Ummana ta tambaye ni aikin me nake yi a sabon wurin, na ce ƙafafun maza nake kallo. Ta yi salati ta ce gobe tare za mu je. Ta je, ta ga kwalin, ta ga Oga yana fama da janareta gumi har gwiwar hannu, ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta kama hanyarta. Har yau in ƙawayenta sun tambaya, cewa take a gidan talabijin nake.

Amma a ƙarƙashin kwalin nan na koyi sana'ar. Ɗan dako na ƙwarai, ƙafarsa ba ta tsayawa don an taɓa shi, sai ma ta ƙara sauri, taku ƙanana-ƙanana kamar mai taka garwashi. In zai sauya hanya, ƙafa ɗaya yake kafawa ya fice, irin yadda ɗan acaɓa ke yi a cunkoson Mararaba, kafin ka ce wani abu yana can gaban tirela. Ragon kuwa sai ya rage gudu, ya yi shawara da kansa, sannan ya juya. Kafin ya gama shawarar an zauna a kansa.

Da Oga ya cire kwalin, sai ya kashe murya. Ya ce mai sharhin wasa maroƙi ne, wanda ya ci shi yake wasawa. Tun daga ranar ban sake kallon faifai da murya ba. Ku da kuke toshe kunne da waya kuna kaɗa kai, ina ganinku.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: talabijin mai ƙaton ƙeya, na'urar faifai, ƙaramin janareta mai tari, da rimot. Rimot ɗin nan shi ne fartanyata. Na naɗe shi da leda don gumi, duk da haka maɓallin komawa baya sai da ya goge, ba alamar rubutu a kansa. Wasa ɗaya na ɗan dako, sai in kalle shi in mayar, in kalle shi in mayar: zagaye na farko ƙafa, na biyu inda hularsa ke fuskanta, na uku hannu, sannan in duba katangar, don in san shi ya buɗe hanya ko buɗe masa aka yi. Ku yanzu kuna da kwamfuta mai jan hoto da yatsa, amma idon dai bai sauya ba.

Akwai wani wakili da ya taɓa aiko mana da faifan wani yaro, ya ce mu duba mu yaba. Yaro kamar barewa. Duk inda aka ba shi ƙwallo sai ƙarshen fili, inda in ka kai ta ka ci. Na kalla na ce wa Oga wannan saman kwandon tumatir ne. Duk wadda ta taɓa sayen tumatir a kasuwar Karshi ta san manyan a sama ake jera su. Na ce a aiko da wasa cikakke, kuma wanda aka lallasa su, in da hali wanda aka buga cikin ruwan sama. Aka aiko. Ashe yaron nan in ba shi za a ba ƙwallo ba, aikinsa ya ƙare. Akwai lokacin da dole ɗan dako ya tsaya ya tare wa madugu ƙaton da ya taho zai rusa shi. Shi sai ya ɗan kauce, kamar mai ba babba hanya a masallaci. Na rubuta: in ba shi aka ba ba, ɗan kallo ne. Oga ya mayar da ita Turanci ya sa mata riga da hula, don ni nawa Turancin ba ya da ladabi. Duk da haka wakilin ya yi fushi ya tafi. Da shekara ta zagayo ya ga maganarmu ta tabbata, sai ga shi ya dawo da kwali cike da faya-fayai.

Kwastomominmu kusan duk haka suke. Ba gaskiya suke zuwa saye ba, so suke a ce musu abin da suka riga suka ƙulla daidai ne. In kin faɗa musu akasin haka, ki tabbata kina da wurin da za ki nuna da rimot.

Abu biyu ne suka fi ba sababbi wahala. Na farko haƙuri. Ɗan dako na ƙwarai yakan ɗan jinkirta a bayan katanga, ya jira ƙofa ta buɗe, sannan ya faɗa. Sabon mai kallo sai ya ce sanyin jiki ne. Oga yakan ce abin dariya ne a ce ni, da ba na iya jiran shayi ya huce, ni ce ke auna haƙurin wasu. Na ce masa ai marar abu ya fi saurin gane mai shi. Na biyu kuma tafiya. Ɗan dako kamar motar haya yake, ba shekarar da aka ƙera ta za ki tambaya ba, ki tambayi hanyar da ta sha. Kowane gudu da karo yake ƙarewa, kuma gwiwa tana lissafi ko mai ita ba ya yi. Shi ya sa a wannan gurbin ba a son yaro ya daɗe a jami'a yana ƙarar da ƙafarsa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Sai shekarar rusau. Muka zo da safe muka tarar da jan fenti a bangon benen da muke haya. Ashe a kan hanyar ruwa aka gina shi. Muka kwashe abin da ya kwasu, talabijin a cinyata a bayan motar Oga, muka koma garejin gidansa a Karu. Faya-fayan da aka aiko mana na kakar wasan nan duk tsohon adireshi suka tafi, mai kai saƙo ya je ya tarar da tulin bulo. Kafin a gyara, lokacin zaɓe ya wuce, wakilai sun watse. Muka koma haɗa bidiyon biki don tukunya ta hau wuta. Ni da na saba da ƙartin Amurka, sai ga ni ina yanka rawar ƙawayen amarya ina sa mata furanni a gefe.

Ban yi asarar shekarar ba dai. A bidiyon biki amarya ba ta da labari, ta sha kwalliya ta sunkuyar da kai, shi ke nan. Labarin yana gefen hoto: wa ta harari wa, wa ya tashi da aka zo gaisuwa, wa ta tura kaza a jaka. Kuma mafi daɗinsa yana zuwa ne bayan an ɗauka mai kyamara ya kashe. Da na koma kan faifan ƙwallo, sai na daina tsayarwa in an busa usur. Ina barinsa ya ɗan ci gaba in ga yadda yaro ke tashi daga ƙasa, me yake dafawa, me yake yi da hannunsa.

A garejin nan Alhaji Mamman ya same mu. Darakta ne a wata ma'aikata, ya shigo da farar shadda yana tattare ta kada ta taɓa man janareta. Ɗansa Sadik yana Amurka tun yana ƙaramar sakandare, a wurin ƙanin Alhajin. Yaro ya yi jiki, ya shiga ƙwallon nan, har wata jami'a ta ɗauke shi karatun injiniya kyauta saboda ita. Saura shekara ɗaya ya gama. Ga wani wakili ya matsa masa da waya: ka fito yanzu ka shiga zaɓen ƙwararru. Dokar kuwa ita ce, in ka sa sunanka ba ka komawa ƙungiyar jami'a, karatun kyautan ma ya tafi. Makarantar kuma ba irin wadda albashin gwamnati ke riƙewa ba ce. In ya fito aka zaɓe shi, ya haye. In ba a zaɓe shi ba, ba ƙwallo ba digiri.

"Ni ban san kan wasan nan ba," in ji Alhaji. "Na kalla, na ga kamar faɗan kasuwa. An ce ku kun sani. Ya fito ko ya zauna? Abin da nake son ji ke nan."

Faya-fayan Sadik suka iso, na zauna a kansu. Gaskiya yaron ya iya. Ƙafa tana magana, yana da haƙurin jiran ƙofa, in an kayar da shi gaba yake faɗuwa, kuma in an ce ya tare wa madugu, tsayawa yake kamar an dasa shi. Har na fara jin daɗi, abin da ba na so a bakin aiki. Sai na zo zagayen hannu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. In ka yi dama, ka rungume ƙwallo da hannun dama, in ka yi hagu ka mayar da ita hagu. Kullum tana ɓangaren bakin fili, jikinka yana tsakaninta da masu binka. Sadik in ya yi dama, lafiya lau. In ya yi hagu, ƙwallo tana nan a dama, tsirara, tana kallon abokan gaba kamar an ɗora ta a faranti. Su kuma sun gane. Sai su bar ƙafarsa su kai wa ƙwallon naushi. Na ga ta fice daga hannunsa a wasa fiye da ɗaya, kuma duk a gudun hagu. A wannan sana'ar, ɗan dakon da ke zubar da kaya ba mai ɗaukarsa, ko da iska yake tsere.

Oga ya kalla ya ce, "Kafaɗa ce. Yaron nan yana ɓoye ciwo a hagu."

Na ce ba kafaɗa ba ce. Na bar faifan ya wuce usur na nuna masa. Da hagu yake dafa ƙasa ya tashi. Da hagu yake ture hular mai tare shi, har wuyan mutum ya lanƙwashe. Akwai inda ya jefa wa abokinsa gorar ruwa daga nesa, da hagun nan, ta faɗa daidai ƙirjinsa. Hannu lafiyarsa ƙalau, ƙwallo ce kawai ba ya ba shi. Dalili kuwa ban sani ba.

Akwai wani abu da na gani a kowane faifai ban kula ba. Sauran yara in an busa usur, yar da ƙwallo suke su wuce. Sadik sai ya je har gaban alƙalin wasa ya miƙa masa da hannun dama, ya ɗan rusuna. Ban ga abin lura a nan ba. Ai haka ake yi.

Muka yi ta ja da Oga. Shi ya ce ya fito yanzu, ƙafa ba ta jira, in ya ƙara shekara a jami'a wa ya san gwiwar da za ta dawo. Kuma yana da gaskiya, ni ma na sani. Ni na ce in ya fito, likitocin kulob za su duba kafaɗa su ga lafiya, sai su ce to yaro ne da ba ya jin gyara, wanda ya fi ciwon kafaɗa muni. Oga ya ce to mu je mu faɗa wa Alhaji duka biyun, amma in bar shi ya fara magana, don kada in kashe wa mutum ɗa a falonsa.

Ranar Asabar bayan la'asar muka je gidan a Garki. Na durƙusa gaban talabijin na haɗa na'ura. A gefe kan kafet akwai wata tsohuwa, 'yar ƙarama da ita, da mafici a hannu da jug ɗin zoɓo a gabanta. Mahaifiyar Alhaji ce, Hajiya Babba. Ita ta yi renon Sadik har ya tafi. Muka gaisa, ta ce a nuna mata mai gidan nata, wato jikan. Na nuna mata. Ta ce, "Wannan mai kwano a kan? Allah ya shirya."

Oga ya yi ta Turanci da Alhaji, ni ina mayar da hoto baya ina nunawa. Ina cikin haka Hajiya ta zuba zoɓo ta miƙo min. Rimot yana hannuna na dama, idona yana kan talabijin, sai na miƙa hagu.

Ƙas! Kotar mafici a bayan hannuna.

"Ke 'yar nan, a gidanku da wannan ake karɓa?"

Na ajiye rimot na karɓa da dama na ba da haƙuri, hannu yana min zugi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ki yi haƙuri, kin shigo layi. Sadik ya fi kowa shan maficin nan. Shi ai bahago aka haife shi."

Na ce, "Alhaji, me ka ce?"

"Bahago ne. Hajiya ce ta…"

Bai ƙarasa ba. Ya juya ya kalli talabijin, inda na tsayar da ɗansa yana gudun hagu da ƙwallo a dama. Ya kalli mahaifiyarsa. Ya cire tabarau.

"Ni na gyara shi," in ji Hajiya, tana fifita abinta. "Cokali, kofi, kuɗin aike, duk da hagu yake kai hannu. Kafin ya shiga firamare ya daina. Ko cikin barci ka miƙa masa abu, da dama zai karɓa."

Alhaji ya kira Sadik a waya ya sa a sifika. Can safiya ce. Yaro ya gaida kowa da Hausarsa da ta fara karkacewa. Uban ya tambaye shi zancen hannu. Ya ce, "Baba, na sani. Koci ya faɗa har ya gaji. A tirenin ina yi. Amma in wasa ya yi zafi aka miƙo min, ban san lokacin da take komawa dama ba. In na kai ta hagu sai in ji kamar na yi laifi."

Alhaji ya dube ni. "To, malama. Ya fito ko ya zauna?"

Oga ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "In ya fito bana ba za a ɗauke shi ba. Ya zauna ya gama karatunsa, ya yi kaka guda yana riƙewa da hagu kowa ya gani. Gwiwa kuma sai addu'a, wannan ba ni da maganinta."

Alhaji ya ce ya ji. Ya juya wurin mahaifiyarsa ya sassauta murya. "Hajiya, ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Ki ce masa ya riƙe da hagu."

"Ni? In yi shekaru ina gyaran yaro, yau in ce ya koma? Ba da bakina ba."

Aka yi lallashi, ta ƙi. Sadik yana ta waya yana cewa, "Hajiya, uwargida, ki taimaka," ta ce ya rufe mata baki, mijin da ya gudu ya bar ta ba shi da ta cewa. Nan Oga ya sa baki, da niyyar ya nuna mata abin bai kai ya kawo ba.

"Hajiya, ai ba abinci ba ne, ba kuma littafi ba. Fata ce kawai aka ɗinke. Su kansu can fatar alade suke mata laƙabi."

Maficin ya tsaya.

"Fatar me?"

Oga ya gane ya taro wa kansa, ya fara in-ina. Ni kuma ba na iya barin magana a karkace. Na ce, "Hajiya, suna ne kawai. Da fatar saniya ake yin ta."

"Ke kika jeme ta?"

"A'a."

"To yi min shiru. Ba ni wayar nan." Ta karɓa, da dama, ta kai ta har bakinta kamar za ta cije. "Sadiku! Abin da kake runguma ke nan shekara da shekaru? Da hannun da kake cin tuwo? Don wannan na gyara maka shi? Daga yau da hagu za ka riƙe ƙazamar abar nan, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Hajiya."

Na ce, "Hajiya, in ya yi ɓangaren dama fa, dole da dama zai riƙe."

Ta harare ni sama da ƙasa. Ta koma kan waya. "In ta kama dole, ka riƙe. Amma ka wanke da sabulu kafin ka taɓa abinci."

A mota Oga ya ce saura kaɗan in ɓata mana aiki da saniyata. Na ce ni dai na faɗi gaskiya, ba a karɓa ba ne.

Sadik ya zauna. Wakilin nan da ya matsa masa ya kira Oga ya zazzage masa, ya ce mun sa yaro ya yi wasa da ƙafarsa. Kakar nan duk faifan da ya iso, kafin in duba hannu sai na duba ya tashi lafiya. Ya tashi. Ya gama digirinsa, ya shiga zaɓe, aka ɗauke shi can wajen ƙarshe-ƙarshe, ba da ganga da algaita ba, amma an ɗauka. Ya yi 'yan shekarunsa a ƙwararru kafin gwiwa ta ce ya isa, yanzu yana aikin injiniyansa. Alhaji kuma ya yi ta ba da labarinmu a ofisoshi da wuraren ɗaurin aure, har muka bar gareji muka dawo cikin gari, inda kuke zaune yanzu kuna shan iskar na'ura.

Faifan wasansa na farko a kakar nan da ya ƙara a jami'a yana nan a durowata, kuma duk wanda ya zo sabo sai na sa masa shi. Madugu ya miƙa, Sadik ya jira ƙofa, ya kafa ƙafa ya yi hagu. Ƙwallo ta koma hannun hagu kamar can ne gidanta tun asali. Wani ƙato ya kawo naushi ya sami kafaɗa. Sai ƙarshen fili.

A nan nake tambaya, me kuka gani? Kowa sai ya ce ya ci. Wanda ya ɗan fi wayo ya ce ya sauya hannu. Sai su kai yatsa za su tsayar, in buge hannun. Ba ni da mafici, da biro nake yi.

Ku bar shi ya wuce usur. Abokansa suna tsalle suna dukan hularsa, shi kuwa yana waige-waige. Ya hango alƙalin wasa, wani dattijo mai furfura. Ya taka har gabansa, ya ciro ƙwallon daga hagu ya mayar da ita dama, ya tallafe da ɗayan hannun, ya ɗan rusuna, ya miƙa.